Taswirar hoto a shafukan intanet

Taswirar hoto dabara ce ta HTML, harshen rubuta shafukan intanet, da ake kasa hoto guda zuwa yankuna, kowane yanki da inda yake kai wanda ya latsa shi. Ba a yanka hoton, iyakoki ne da ido ba ya gani ake shata masa. Mai gina shafi a Damagaram zai iya ɗora taswirar jiha, wanda ya taɓa Magarya ya faɗa shafin Magarya, wanda ya taɓa Tanut ko Gure ya wuce nasu.

A zamanin Mosaic, manhajar buɗe shafukan intanet, wajen 1993, kwamfutar da ke ajiye da shafin ce ke lissafin: a aika mata wurin da aka latsa, ta duba, sannan ta turo amsa. Daga baya aikin ya koma hannun manhajar mai karatu. An bayyana wannan tsari a takardar RFC 1980 ta 1996, ya kuma shiga ƙa'idar HTML 3.2 a 1997.

Alamomi uku ke ɗauke da aikin. Ta img tana nuna hoton, tana kiran taswirar da usemap. Ta map tana riƙe da sunan taswirar. A cikinta ake jera area, ɗaya ga kowane yanki, da siffarsa da ma'auninsa da adireshin da zai buɗe. Ana ƙidayar ma'auni da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, daga kusurwar sama ta hagu, dama sannan ƙasa. Mai kusurwa huɗu lamba huɗu yake so: 40,20,200,120 na nufin ya tashi daga fiksel 40 dama da 20 ƙasa, ya tsaya a 200 da 120. Da'ira uku kawai, tsakiyarta da nisan bakinta. Amma unguwa kamar Birni ko Zango ba ta da siffar akwati, sai poly, wato siffa mai kusurwoyi da yawa, inda ake bin gefenta ɗigo bayan ɗigo. Aikin da cin rai in da hannu ne, shi ya sa ake zana shi a manhajar gyaran hoto ta GIMP, ta fitar da lambobin. Idan yankuna biyu suka hau juna, wanda aka fara rubutawa shi ke ci.

Rauninta a salula yake fitowa, kuma da salula yawancin mutane ke shiga intanet a Nijar. Hoto yana tsukewa ya dace da allo, lambobin kuwa suna nan daram, sai mutum ya taɓa Mirya ya ga shafin Dungas. Ga kuma ranar da layi ya yi nauyi hoton ya ƙi sauka. Nan alt ke amfani, wato ɗan rubutun da ke faɗin sunan kowane yanki, wanda manhajar makafi ma shi take karantawa. Sakaci ne babba a ƙi rubuta shi.

Saboda tsukewar nan masu sana'ar da dama sun koma SVG, wani tsarin zanen hoto wanda yankunansa ke girma da raguwa tare da zanen. Mai taswirar hoto kuwa gara ya jera sunayen wuraren a rubuce a ƙasanta.