Renon Kwikwiyo

Renon kwikwiyo shi ne kula da ɗan kare tun yana cikin uwarsa har ya tasa, ta fuskar ciyarwa da rigakafi da horo, kafin ya kama aikin da aka ajiye shi dominsa. A ƙasar Hausa aikin kare bai cika wuce farauta da bin garke da gadi ba. Hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron shuka, malamai da dama suka yi ƙiyasin gadin gida a kansu, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. Wata huɗun farko su ne ginshiƙin renon. A cikinsu ne sanyi da tsutsar ciki da cutar farbo mai sa amai da zawon jini ke kwashe 'yan kwikwiyo, a cikinsu ne kuma halin kare ke kafuwa.

Barbara da ciki

Karya takan fara neman namiji tana wata 6 zuwa 12, manyan iri sukan jinkirta. Daga nan abin yakan dawo mata kamar sau biyu a shekara, kowane zuwa ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Karnukan Azawak na makiyayan Mali da Nijar da Burkina Faso galibi sau ɗaya suke yi a shekara. Masu kiwo na kirki ba sa barin a barbare ta a zuwan farko, don ita kanta ba ta gama girma ba.

Bayan barbara namiji da mace sukan liƙe na mintoci, wani lokaci har rabin awa. Halittarsu ce haka, kumburi ne da ke sacewa da kansa. Jifan da yara ke yi musu a lokacin, ko ƙoƙarin raba su da ƙarfi, rauni kawai yake jawo musu. Idan maza da yawa suka samu karya a zuwa ɗaya, tana iya haihuwar 'ya'yan uba daban-daban a ciki guda, shi ya sa mai son tsare iri yake killace ta.

Cikin kare kwana 63 ne, ko da yake in aka ƙirga daga ranar barbara yana iya faɗawa tsakanin 58 da 68. In haihuwa ta matso karya takan ƙi abinci, ta riƙa tonon ƙasa tana neman lungu. Yawanci ita kaɗai take gama komai: ta yage jakar da ɗan ya fito a ciki, ta datse cibiya, ta lashe shi har ya yi numfashi. Ana neman likitan dabbobi idan ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko awanni suka wuce bayan ɗan ƙarshe alhali da saura a ciki.

Mako ukun farko

Kwikwiyo yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe. Ido yakan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, ji ya biyo baya. Ba ya iya fitsari ko kashi sai uwa ta lashi gindinsa, ba ya kuma iya riƙe ɗumin jikinsa. Wannan na ƙarshen shi aka fi rainawa a ƙasa mai zafi. A makon farko yana son ɗumin da ya kai digiri 29 zuwa 32, daren hunturu kuwa a Kano ko Jos yana sauka ƙasa da haka nesa. Kwikwiyon da ya kwana a kan siminti tsirara jikinsa zai yi sanyi, ya kasa tsotso, in an ɗura masa madara ma cikinsa ba zai narkar ba. Sai a fara ɗumama shi a hankali, sannan a ba shi abinci. Kwali da tsumma a lungun da iska ba ta bugawa sun wadatar.

Dakashi, nonon farko, shi ne rigakafinsa na fari. Hanjinsa yana iya tsotse garkuwar da ke ciki ne a yinin farko kaɗai. Lafiyayyen kwikwiyo yakan ninka nauyinsa cikin kwana goma, yawancin lokacinsa barci ne da shan nono. Wanda ke ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ko ya ware gefe guda, akwai abin da ke damunsa.

In uwa ta mutu, reno ya koma hannun mutum: ciyarwa duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, yana kwance rub da ciki don kada madara ta sarƙe shi, sannan a shafa gindinsa da auduga mai ɗumi. Nonon saniya bai kai na karya maiƙo da gina jiki ba, ya kuma fi shi sukari, saboda haka yakan sa gudawa. Madarar da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo ta fi. Haƙoran nono suna fara ɓullowa wajen mako na uku, daga nan ake soma ba shi abinci mai ruwa-ruwa.

Tsutsa da allura

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsarsa ake haifarsa. Akwai doguwa mai kama da taliya wadda ke ratsa mahaifa ta shige shi tun yana ciki, akwai ƙarama mai ƙugiya da ke bi ta nono ta maƙale a hanji tana shan jini. Alamarsu a bayyane take: ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ya yi furu-furu, in an ɗaga leɓe a ga dasashi fari fat maimakon ja-ja. Ana ba da maganin tsutsa a mako na 2 da na 4 da na 6 da na 8, sannan wata-wata har ya cika wata shida, gwargwadon nauyinsa, uwar ma a ba ta. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi ya zauna a ƙasa, yaron da ke wasa a wurin yana iya haɗiyarsa, don haka kwashe kashin kare kullum lafiyar gida ce baki ɗaya.

Cutar farbo ta bayyana a duniya a 1978, cikin shekara biyu ta zagaye nahiyoyi. Tana cinye bangon hanji. Kwikwiyo ya daina cin abinci, ya yi ta amai, sai zawo mai jini da ƙarni, cikin kwana biyu ko uku ruwan jikinsa ya ƙare. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, ƙarin ruwa da jinya ne ke ceton wanda ya rayu. Ƙwayar tana yin watanni a ƙasa, har shekara, takalmi ma yana ɗauko ta. Sabulu ba ya kashe ta, sai bilic, ruwan nan na wanke farin kaya, da aka sirka da ruwa kamar ninki 30. Wanda farbo ta kashe masa kwikwiyo ya yi maza ya sayo wani ya ajiye a wuri ɗaya, sau da yawa asara ta biyu yake saye.

Allurar haɗaka da ke kare farbo da distamfa (cutar da ke sa kare zazzaɓi da tari) da ciwon hantar kare ana fara ta a mako na 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya sha a dakashi tana kashe ƙarfin allura, kuma ba a san ranar da za ta gushe daga jikin kowane kwikwiyo ba. Allura ɗaya ke nan ba ta isa ba, ko da mai sayarwa ya rantse an yi masa. Maganin kuma sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yini a aljihu ko a firjin da wuta ta ɗauke, ba a dogara da shi.

Haukan kare

Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare yana wata uku, a riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare suke ɗauka. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, yara kuwa da shi suka fi wasa. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun fito, da wuya ƙwarai a tsira. Karen da ya yi cizon a killace shi kwana goma ana duba shi.

Sabo da horo

Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka yi a Jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako na 3 da na 12 ne kwikwiyo ke karɓar abin da ya gani a matsayin nasa. Abin da bai saba da shi a lokacin ba, tsoronsa zai yi daga baya. Makiyaya da mafarauta sun daɗe da gane haka a aikace: karen garke a cikin tumaki yake tashi, na farauta kuma bin manya yake yi daji. A wajen uwa da 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo, domin in ya ciji ɗan uwa da zafi wasa ya tashi. Shi ya sa ba a raba shi da su kafin mako takwas. A Ingila doka ce, kuma tun Afrilun 2020 aka hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya daga hannun wanda ya kiwata shi.

Akwai masu kulle kare a keji mai duhu, ba ya ganin kowa, wai don ya yi zafi. Abin da suke samu matsoracin kare ne da ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci. Horo da lada, ɗan nama ko shafa kai a daidai lokacin da ya yi abin da ake so, ya fi duka saurin shiga.

Abinci da kaska

Kwikwiyon da aka yaye yana cin abinci sau uku ko huɗu a yini. Ƙanzo da ragowar tuwo suna cika ciki, amma ƙashi da tsoka sai da nama ko kifi ko ƙwai. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, dafaffe ko ɗanye, abin lura ga mai zuba masa ragowar miya. Cakulan da inabi da goro guba ne gare shi, haka magungunan ciwon jiki na mutane. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji.

Kaska tana ɓuya a kunne da tsakanin yatsu, tana kuma sa masa cututtukan jini. Shafa masa fiya-fiya ko baƙin man mota, kamar yadda wasu ke yi, yana iya kashe kwikwiyon kafin kaskar. Ana cire ta da hantsaki daga kai, a nemi maganin da ya dace da shekarunsa, a kuma yi feshi a tsagogin bangon da take ƙwai.

Karnukan waje irin su Alseshan da Rotwaila da Kokeshan sun yi kasuwa a birane. Kokeshan gashin ƙasar ƙanƙara gare shi, zafin Afrilu wahala ce a gare shi, Alseshan kuma an san shi da gadon ciwon ƙugu, wanda haɗa 'yan gida ɗaya barbara ke ƙara yaɗawa. Karen gida ya fi su jure zafi da sauƙin ciyarwa. Kowanne za a saya, a je a ga uwar da wurin da take kwana, a ɗaga leɓen kwikwiyon a duba dasashi, a karɓi katin allura mai kwanan wata da sa hannun likita.