Farkon sana'ar matashin ɗan ƙwallon ƙafa a Maraɗi

A ƙa'idar FIFA, ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda yake da kwantiragi a rubuce da wani kulob, kuma abin da ake biyansa ya zarce abin da yake kashewa a kan wasan. Wanda ake miƙa wa kuɗin mota da na sabulu bayan an tashi, ko da a babbar gasa yake bugawa, ɗan sha'awa ne a idon doka. Farkon sana'a na nufin shekarun da yaro yake ƙetarawa daga wannan matsayi zuwa wancan, galibi tsakanin 15 da 19. A Maraɗi, abin da ya fi tsayar da yara a wannan gaɓa shi ne takardu: ta haihuwa, lasisi da kwantiragi.

Daga filin unguwa zuwa kulob

Yaro yana farawa ne a filayen yashi na unguwanni irin su Zariya, Ali Ɗan Sofo, Bagalam da Mokoyo, kuma a gasannin babban hutun makaranta masu horarwa suka fi ganinsa. Daga nan sai rukunan shekaru, waɗanda ake kira da sunayensu na Faransanci: minim na ƴan ƙasa da 15, kade na ƴan ƙasa da 17, jiniyo na ƴan ƙasa da 20. Ɗan Kasawa FC da Jangorzo FC su ne sunayen da aka fi sanin birnin da su a gasar ƙasa, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, take shiryawa. Sai dai yawancin manyan kulob-kulob a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 600, kuma da dama na hukumomin gwamnati ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta gardi, AS Douanes ta kwastan, AS Police ta ƴan sanda. Ɗan wasan Nijar Moussa Maâzou ma ta AS FAN ya bi kafin ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008.

Ƙungiyoyin matasa na ƙasa su ne hanya mafi sauri. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a 2015, ta je gasar duniya ta wannan rukuni a Indiya a 2017 har ta wuce zagayen rukuni, sannan a 2019 aka buga wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 20 a filin wasa na Maraɗi.

Shekaru da takardar haihuwa

Yara da yawa, musamman waɗanda aka haifa a gida a ƙauye, ba a yi musu takarda cikin wa'adi ba, sai daga baya iyaye su je gaban alƙali da shaidu a ba su hukuncin da ke maye gurbinta. Takardar halal ce. Matsalar tana tasowa ne in aka yi guda biyu: ɗaya don makaranta, ɗaya da aka rage shekara biyu ko uku don ƙwallo. Duk ranar haihuwar da ta fara shiga rajistar hukuma ita za ta bi yaron har ya ajiye takalmi, kuma in fasfo ya zo da wata daban, ciniki yana wargajewa a ranar ƙarshe.

Tun gasar duniya ta 2009 da aka yi a Najeriya, ana gwada ƴan ƙasa da 17 da hoton MRI na wuyan hannu. Abin da ake dubawa shi ne layin girma a ƙarshen ƙashin damtse na gefen babban yatsa. Matakai shida ne. Na shida yana nufin layin ya rufe ruf, kuma mai shi ba zai buga ba. Gwajin bai faɗin shekarun mutum daidai, yana iya kayar da yaro mai gaskiya wanda ƙashinsa ya nuna da wuri. Rage shekaru kuwa cutarwarsa ba ta tsaya a nan ba: ɗan 19 da yake wasa da ƴan 16 da ƙarfin ƙirji yake cin su, ba ya koyon sakin ƙwallo da sauri, kuma ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai a ga ba shi da komai.

Jiki mai girma

Tsakanin 13 da 15 ƙashi yana riga tsoka tsawo. A nan ne ake samun ciwon da ke fitowa a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin ya kumbura ya yi tsini, ya yi zafi in an durƙusa ko an yi tsalle. Sunansa Osgood-Schlatter. Maganinsa rage gudu da tsalle na wasu makonni, ƙanƙara ta minti 15 bayan atisaye, da miƙa tsokar cinya. Ba targaɗe ba ne, don haka murzar mai ɗori ƙara fusata shi take yi. Ɗumin jiki na minti 20 da FIFA ta tsara, 11+, in ana yinsa aƙalla sau biyu a mako yana rage raunin gwiwa da idon sawu, kuma bai buƙatar kayan aiki.

A Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, shi ya sa atisaye mai nauyi yake komawa bayan asuba ko bayan la'asar. Hanyar gane ruwan da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, a mayar da kusan lita ɗaya da rabi a hankali. Fura, wake da shinkafa, ƙosai da ƙwai sun ishi yaro in yana samu a kan lokaci. Wanda ya fito atisayen safe da shayi kaɗai shi ne yake faɗuwa. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da damina ba ya komawa fili ranar da jikinsa ya yi sanyi. Taramol da wasu ke haɗiya don kashe gajiya yana ɓoye rauni har ya girma, kuma tun 2024 yana cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Kafin kwantiragi akan yi gwajin zuciya, abin da aka ƙara tsanantawa bayan rasuwar ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé a fili a birnin Liyon a 2003.

Ƙetare iyaka kafin 18

Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ta FIFA ya hana ɗan ƙasa da 18 komawa kulob na wata ƙasa. Akwai ƴan togaciya: in iyaye sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko yaron ɗan gudun hijira ne, ko ɗalibin musaya. Wadda ta fi jan hankalin mutanen Maraɗi ita ce ta maƙwabtan iyaka, saboda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Sharuɗɗanta masu tsauri ne: gidan yaron kada ya wuce kilomita 50 daga iyaka, kulob ɗin ma haka, tsakaninsu kada ya wuce 100, yaron ya ci gaba da kwana a gidansu, kuma hukumomin ƙasashen biyu su amince. Wanda ya tsallaka ya zauna a Kano yana bugawa ba tare da rajista ba, shekarun nan ba su shiga lissafin kowa.

Gwaji a waje ya halatta daga kakar da yaro zai cika 16, da izinin iyaye a rubuce, mako takwas mafi yawa a kulob guda, sau biyu a shekara, kuma sai kulob ɗin ya shigar da takardar gwajin a na'urar FIFA kwana goma kafin a fara. An hana karɓar kuɗi a kan gwaji. Wannan kaɗai ya isa a gane ɗan damfara: mutumin da ya zo da wasiƙar gayyata a waya, ya ce mahaifin yaro ya kawo sefa miliyan biyu na biza da tikiti, a sayar da gona ko shanu. Wakili na gaskiya yana da lasisin FIFA, sunansa yana cikin jerin da kowa zai iya dubawa a intanet, kuma ba ya tunkarar yaro sai ta hannun mahaifi ko waliyyi.

Kwantiragi da kuɗin horo

Ɗan ƙasa da 18 ba ya sa hannu a kan abin da ya wuce shekara uku. Babba kuma biyar. Kwantiragin da Faransanci yake zuwa, don haka a nemi wanda ba ɗan kulob ba ya karanta wa iyaye shi, su riƙe kwafinsu. A duba albashin wata, ladan nasara, masauki, da wanda zai biya magani in an ji rauni. Tun 2015 an hana wani ɗan kasuwa ya mallaki kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa nan gaba. A kwantiragin waje, in aka riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa yana iya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, sannan ya raba gari.

Kuɗi iri biyu ne suke komawa ga waɗanda suka raini yaro. Diyyar horo ana biyanta ne in ya fara zama ƙwararre: kulob na Turai da ke aji na biyu a rabe-raben FIFA yana biyan Yuro 60,000 kan kowace shekarar horo daga 16, da 10,000 kan kowace shekara daga 12 zuwa 15. Na biyu shi ne kaso 5 cikin 100 na duk cinikin da aka yi da shi tsakanin ƙasashe, wanda ake raba wa kulob-kulob ɗin da suka riƙe shi daga 12 zuwa 23. In aka sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, kason ya kama 50,000. Kulob ɗin da ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 zai samu 10,000, kusan sefa miliyan shida da rabi. Wanda ya riƙe shi a 16 da 17 shi ma haka. Tun Nuwamban 2022 ofishin biyan kuɗi na FIFA da ke Faris ne yake rabon, bisa tarihin rajistar ɗan wasan da ke cikin kwamfuta. Shekarar da ba a yanka masa lasisi ba fanko take fitowa, kuma mai horarwar unguwa da bai yi wa ƙungiyarsa rajista da hukuma ba, ba ya cikin waɗanda za a biya.