Sanyi a kan hanya, zafi a tsaye: tambayoyi kan fankar lagireto da esin motar iyali

Esin motata yana sanyi in ina gudu, amma da na tsaya sai iska mai ɗumi. Gas ne ya ƙare?

Da wuya. Gas ɗin da ya yi ƙasa ya fi rage sanyi a ko'ina, a guje ko a tsaye. Wannan alamar ta fanka ce. A gaban lagireto akwai kondensa, inda gas ɗin esi ke sauke zafin da ya kwaso daga cikin mota. In ana gudu, iskar hanya ce ke fifita shi. In an tsaya, sai abin da fanka ta jawo. Idan ba ta juyawa, matsin gas ya hau, sensa ta kashe kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas ɗin, don kada wani abu ya fashe. Motocin iyali irin su Sienna da Odyssey, masu esi gaba da baya, sun fi saurin nuna wannan, domin zafin da kondensa ke ɗauka ya fi na ƙaramar mota. Wanda ya ƙara gas a wannan hali ya ƙara wa matsin hawa ne kawai.

Ta yaya zan tabbatar?

Ka tayar da injin, ka kunna esi har ƙarshe, ka ɗaga bonet. A yawancin motoci fanka za ta tashi jim kaɗan bayan kwamfiresa ya kama. Ka kara takarda a gaban kondensa: in iska na tafiya daidai, takardar za ta manne. In kuwa ture ta ake yi, an juya wayoyin ne, abin da kan faru bayan an sa sabuwar fanka. Hannu da bakin riga dai a yi nesa da su, don fankar lantarki tana iya tashi ko da an kashe mota.

Ba ta juyawa. Daga ina zan fara?

Daga mai arha. Duba fiyus, galibi babba ne, mai amfiya 30 ko 40. Sai rile, wato makunnin lantarkin da ke sakar wa fanka wuta: in akwai wani mai lamba iri ɗaya a akwatin fiyus, kamar na hon, ka musanya su ka gani. Daga nan ka cire soket ɗin fanka. In ka ga ya yi baƙi ko robar ta narke, ka kusa gano ɓarawon. Idan duk lafiya, a ba motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, wutar batir, volt 12, kai tsaye. Ta ƙi tashi, ko sai an ƙwanƙwasa ta, to burushinta ya cinye. Amma fankar da ke da na'urar sarrafa gudu a jikinta ba a yi mata wannan gwaji da ka, a bar wa mai wayarin mota.

Fiyus da ya sake ƙonewa kuma kada a sa wanda ya fi shi girma. Motar fanka ce ke jan wuta fiye da kima, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe.

Fanka na tashi in injin ya yi zafi, amma ba ta tashi da esi.

To ita kanta lafiyarta ƙalau. Ko dai ƙaramin gudunta ya mutu, wato rile ko rizistan da ke kula da shi, ko kuma umarni ne bai iso ba. A nan gas na iya zama mai laifi: in ya zube, kwamfiresa ba zai kama ba, kwamfutar mota kuma ba za ta kira fanka ba.

In haɗa ta dairek kawai, ta riƙa juyawa ba tsayawa?

Don ka kai mota gareji, ba laifi. A bar ta haka kuwa, ban ba da shawara ba: motar fanka za ta gaji da wuri, ainihin matsalar kuma tana nan.

Zan iya ci gaba da hawa kafin gyara?

Ka kashe esi, idonka na kan allurar zafi. Ta doshi ja, ka tsaya ka kashe injin, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.