Wane ne Kirista, kuma ina masu sassaucin ra'ayi suka tsaya? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan kullum su ne dai. Matasan ikilisiya suna yi, iyayen da 'ya'yansu suka tafi karatu Amurka ko Ingila suna yi, wani lokaci har maƙwabtanmu Musulmi. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a ƙofar majami'a bayan sujada, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambayata zan ce ya je ya karanta.

Wane ne Kirista?

Wanda ya shaida da bakinsa cewa Yesu Ubangiji ne, ya kuma gaskata a zuciyarsa cewa Allah ya tashe shi daga matattu. Yana nan a Romawa 10:9.

A gidan Kirista aka haife ni, kakana ma dattijon ikilisiya ne. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Bangaskiyar kakanka tasa ce. Gona ake gada, ba a gadon tuba.

To mutumin kirki fa, wanda ba ya cutar kowa, yana taimakon marayu?

Mutumin kirki ne, Allah ya ƙara mana irinsa. Amma akwai mutanen kirki a kowane addini, akwai su ma cikin waɗanda ba su da addini. Kiristanci yana da abin da yake shaidawa: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Yesu Almasihu ya zama mutum, an gicciye shi saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Abin da taron bishop-bishop na Nikiya ya rubuta ke nan a shekara ta 325, aka cika shi a Kustantiniya a 381. Katolika da Otodoks da Angilika da mafi yawan sauran ɗarikoki, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, a kan wannan suke tsaye. Kyakkyawan hali yana biyo baya, kuma dole ya biyo, in bai biyo ba akwai matsala babba.

Su wane ne ake kira masu sassaucin ra'ayi?

Ku daina haɗa su a kwando ɗaya, iri biyu ne. Na farko suna cikin tsofaffin ɗarikoki, suna kiran kansu Kiristoci, suna karanta Shaidar Bangaskiya ranar Lahadi. Tunaninsu ya taso daga jami'o'in Jamus, wajen malamai irin su Friedrich Schleiermacher, wanda ya ɗora addini a kan abin da mutum yake ji a ransa game da Allah. Suna ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin rubutun mutanen da suka nemi Allah a zamaninsu, don haka hankali da ilimin zamani suna iya gyara shi. Wasunsu sun tsaya kusa da mu ƙwarai. Wasu sun yi nisa: John Shelby Spong, bishop na cocin Episcopal, wato Angilikan Amurka, a Newark har zuwa 2000, ya fito fili ya ce bai yarda budurwa ta haifi Yesu ba, bai kuma yarda jikinsa ya tashi daga kabari ba.

Na biyu su ne Unitarian Universalist. Asalinsu ƙungiyoyi biyu ne. Unitarian sun ƙi koyarwar Allah Uku-cikin-Ɗaya. Suna da coci a Transilbaniya tun ƙarni na 16, a Amurka kuma suka kafa ƙungiyarsu a Boston a 1825. Universalist kuwa cewa suka yi a ƙarshe Allah zai ceci kowa da kowa. A 1961 suka haɗe. Yau ba su da wata shaidar bangaskiya da ake buƙata kafin mutum ya shiga. A benci ɗaya za ka tarar da mai bin Buddha, da Bayahude, da wanda bai yarda akwai Allah ba, da mai ƙaunar koyarwar Yesu. Alamarsu kofi ne da harshen wuta a cikinsa. Su da kansu, yawancinsu ba sa cewa ƙungiyarsu ta Kirista ce, saboda haka ba zagi ba ne in ni ma na faɗa.

In Unitarian sun ce Allah ɗaya ne kuma Yesu ba Allah ba ne, ashe Musulmi ne?

A'a. Ba su karɓi annabcin Annabi Muhammadu ko Alƙur'ani a matsayin wajibi ba, ba su da salla da azumi. Kada ku ɗora musu abin da ba su ɗauka ba.

Ba batun auren jinsi ne duk rigimar ba?

Wannan tambayar ita ta fi ɓata mini rai, domin tana nuna inda hankalinmu yake. Gaskiya ne a kansa ɓarakar ta fito fili. A 2003 cocin Episcopal ta naɗa Gene Robinson, wanda yake zaman aure da namiji ɗan'uwansa, bishop a New Hampshire, Angilikan Nijeriya ƙarƙashin Peter Akinola suka ƙi, aka yi taron GAFCON, na Angilikan da suka ƙi wannan sauyi, a Urushalima a 2008. A 2024 irin wannan ta raba cocin United Methodist a Nijeriya, mutanen Taraba sun ga yadda ta kasance a garuruwansu. Amma tushen ya girmi wannan da nisa. Tun 1922 Harry Emerson Fosdick ya yi wa'azi a New York yana cewa ana iya zama Kirista ba tare da riƙe haihuwar budurwa ba, shekara ɗaya bayan haka J. Gresham Machen na Princeton ya mayar masa da martani cewa wannan wani addini ne dabam. Gardamar ita ce, wa ke da magana ta ƙarshe, Littafi Mai Tsarki ko hankalin mai karatu? Akwai matasanmu da za su kwana suna zagin mutane a Facebook a kan auren jinsi, amma ka ce su bayyana maka dalilin da ya sa tashin Almasihu yake da muhimmanci, sai su yi shiru. Ku ji kunya. Zagi ba bishara ba ne.

Malam, ɗana yana karatu a wani ƙaramin gari a Amurka, ba shi da mota. Cocin da ke kusa da shi ta masu sassaucin ra'ayi ce, su ne ma suka ba shi rigar sanyi suka kai shi kasuwa. Ya ci gaba da zuwa ko ya zauna a ɗaki?

Mama, ki kwantar da hankalinki tukuna, ɗanki bai ɓata ba. Yaron da ya tashi da safe cikin dusar ƙanƙara yana neman wurin sujada, tarbiyyarki tana nan a jikinsa.

Amsar ba ta da sauƙi, kuma kada ki yarda da wanda ya ba ki ita cikin kalma ɗaya. Ya danganta da wace irin coci ce. In Unitarian Universalist ce, ya gode musu da zuciya ɗaya, ya ci abincinsu, ya riƙe abota da su, ya taya su aikin rabon abinci ga mabukata in yana so. Amma ya sani ba ikilisiya yake zuwa ba a ma'anar da kika sani, kuma ba za ta maye masa gurbinta ba.

In kuwa Episcopal ce, ko Methodist, ko Presbyterian, ko Lutheran, to sunan da ke kan allo ba zai gaya masa komai ba. Coci biyu na ɗarika ɗaya a gari ɗaya suna iya bambanta sosai. Ya zauna ya saurara na 'yan makonni. Ana karanta Littafi Mai Tsarki a yi wa'azi daga cikinsa, ko ana karantawa ne a wuce zuwa labarin siyasa? Ana maganar zunubi da tuba da gafara? A cikin addu'a, ana kiran Yesu Ubangiji, ko malami ne kawai cikin malamai? Sa'an nan ya nemi faston, cikin ladabi, ya tambaye shi kai tsaye ko ya gaskata kabarin Yesu babu kowa a ciki ranar Ista. In ya ce e ba tare da kwana-kwana ba, ɗan'uwa ne, ko da sun saɓa a wasu abubuwa masu nauyi. In ya fara cewa tashin yana nufin bege ne a zukatan almajirai, to Bulus ya riga ya amsa a 1 Korantiyawa 15:14: in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce.

Ko a nan ɗin ma ba zan ce ya kulle kansa a ɗaki ba. Kaɗaici a ƙasar sanyi yana kashe bangaskiyar yaro fiye da wa'azi mara ƙarfi, musamman a inda har yanzu ana karanta Zabura da Bishara kowace Lahadi. Yaro mai tushe zai iya zama a can na ɗan lokaci yana tacewa. Yaron da bai daɗe da tuba ba, ina jin tsoro a kansa. Ke kika san ɗanki, ni ban san shi ba. Batun jibin Ubangiji kuwa, a ganina ya dakata har ya tabbatar da abin da suke shaidawa, ko da yake na san fastocin da za su fi ni sassauci a nan, da waɗanda za su fi ni tsanani. A halin yanzu ya nemi ƙungiyar ɗalibai Kiristoci a jami'arsu, ya tambayi 'yan Afirka inda suke zuwa, sau da yawa akan sami mai mota da zai ɗauke shi. Ke kuma in kin kira shi, kada ki fara da faɗa. Tambaye shi me aka karanta ranar Lahadi.

Za su shiga wuta ke nan?

Ba a ba ni wannan hukuncin ba, kai ma ba a ba ka ba. James Reeb, faston Unitarian Universalist, an yi masa dukan da ya zama ajalinsa a garin Selma da ke kudancin Amurka a 1965 saboda ya je tsaya wa baƙar fata a kan 'yancin zaɓe. Ban yarda da koyarwarsa game da Yesu ba, amma ba zan yarda yaro ya raina shi a gabana ba.

In an yi wa jikata baftisma a irin wannan coci, za a sake yi a gida?

A binciko kalmomin da aka faɗa. Da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ɗarikokin da ke yi wa jarirai baftisma galibi za su karɓa. Wasu fastoci a can sukan sauya zuwa Mahalicci da Mai Fansa da Mai Tsarkakewa, kuma a 2008 fadar Batikan ta ce wannan ba baftisma ba ce. Unitarian Universalist yawanci bikin miƙa yaro suke yi, ba baftisma ba. ECWA da Baptist dama sai yarinya ta girma ta shaida da bakinta. A kawo takardar, a nuna wa faston ikilisiyarku.