Waiwaye: Yadda fetur ya kayar da lantarki, da yadda batir ya dawo da wasan

Ranar 29 ga Afrilun 1899, a wani fili da ke wajen birnin Paris, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya hau wata mota mai siffar harsashi ya taka ta har ta haura kilomita 100 a awa ɗaya. Kafin ranar babu motar da ta taɓa kai wannan gudu, kuma babu ɗigon fetur a cikinta, da batir take tafiya. Shekara biyu kafin nan tasi masu lantarki sun riga sun fara ɗaukar fasinja a Landan da New York. Zuwa 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne, masu amfani da tururi sun ɗan fi su yawa, na fetur kuwa su ne na uku.

Akwai dalilin da ya sa fetur yake baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan niƙa ya ga yadda ake tayar da inji, mutum ya duƙa ya kama hannun ƙarfe yana juyawa har gumi ya keto masa, to ya ga yadda ake tayar da motar fetur ta wancan zamani. In injin ya yi gardama ya mayar da ƙarfen baya, sai ya karya wa mutum hannu. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga canjin giya mai wahala. Man ma ba a ko'ina ake samu ba. A 1888, da Bertha Benz ta ɗauki motar mijinta Karl Benz ta yi doguwar tafiya daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, a kantin magani ta tsaya ta sayi man da ta zuba. Motar lantarki kuwa ba ta da wannan rigimar, shiga za ka yi ka tura sanda ta tafi shiru. Shi ya sa matan masu hali suka rungume ta. Clara, matar Henry Ford da kansa, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take hawa.

Abin da ya kayar da motar lantarki yana cikin cikinta. Batirin da ake da shi na darma ne da ruwan asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a Faransa a 1859, irin dai wanda har gobe yake cikin bonet ɗin motarka. Nauyi kamar dutse, ƙarfi kaɗan. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na wannan batir sau ɗaruruwa, don haka ko da injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan man a zafi da hayaƙi, duk da haka shi ne a gaba. A cikin gari batir ya wadatar. Da aka fara shimfiɗa hanyoyi tsakanin garuruwa sai asirinsa ya tonu, domin ƙauyukan Amurka a lokacin yawancinsu ba su da wuta.

Sai kuma abubuwa suka haɗu a kansa. An haƙo mai mai ɗimbin yawa a Spindletop ta jihar Texas a 1901, fetur ya yi arha. Ford ya fito da motarsa ta fetur Model T a 1908 a kan dala 850, ya yi ta sauke kuɗinta har ta koma ƙasa da dala 300. A 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa sitata da Charles Kettering ya ƙera, ƙaramin injin lantarki mai tayar da babban inji da danna maɓalli. Wato da lantarki aka yanka motar lantarki, aka cire wa fetur babban aibinsa. Kafin 1935 ta ɓace daga tituna, ta koma raba madara da asuba a unguwannin Ingila da ɗaga kaya a masana'antu. A 1971 'yan sama-jannatin Amurka sun tuka wata a duniyar wata, inda babu iskar da inji zai shaƙa.

An tuna da motar lantarki a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da ƙawayenta mai aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai, amma da man ya dawo aka manta. A 1990 jihar Kalifoniya, wadda hayaƙi ya addabi birninta na Los Angeles, ta kafa doka cewa dole wani kaso na motocin da manyan kamfanoni ke sayarwa ya zama marar hayaƙi. Kamfanin General Motors ya fito da motar lantarki mai suna EV1 a 1996, ya ƙera dubu ɗaya da 'yan kai, haya kawai yake bayarwa. Da aka sassauta dokar sai ya bi motocinsa ya karɓe, ya murƙushe mafi yawansu, masu hawa suna roƙon a sayar musu aka ƙi. Har yau ana gardama a kan wannan. Wasu sun ce hannun 'yan mai ne. Ni dai ina ganin ko da akwai wannan, batirin ma bai kai ba, kuma Toyota ta fi kowa karanta zamanin da ta fito da Prius a 1997, mai haɗa inji da batir.

Maganin bai fito daga garejin kowa ba. Wani masani, Stanley Whittingham, shi ya fara aikin batirin litiyam a shekarun 1970, kuma abin dariya, kamfanin mai na Exxon yake wa aiki. John Goodenough ya inganta shi a Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya mayar da shi abin da za a iya sayarwa ba tare da ya kama da wuta ba a 1985, Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2019. Kyamarar bidiyo da kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar salula su suka yi ta cin wannan batir shekara da shekaru, masana'antu suka yawaita, kuɗinsa yana sauka. Da kamfanin Tesla, wanda Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa a 2003 kafin Elon Musk ya zuba kuɗinsa a shekara mai bi, ya fito da motar Roadster a 2008, ƙananan batura 6,831 irin na kwamfuta aka jera a bayanta. Ta yi tsada, amma tana cin kusan kilomita 390 a caji ɗaya, kuma ta fi motocin 'yan gayu da yawa tashi. Nissan Leaf ta biyo baya a ƙarshen 2010 don mai matsakaicin ƙarfi.

Turai a lokacin dizal ta riƙe, tana cewa shi ne mai tsabta. A Satumbar 2015 aka kama Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata manhaja mai ɓoye yawan gubar hayaƙinsu idan ana gwaji. Wata uku bayan haka aka cimma yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris. Daga nan 'yan siyasar Turai suka juya wa dizal baya.

Amma inda aka yi ainihin aikin China ce. Shugabanninta sun gane cewa a ƙera injin fetur ba za su taɓa kamo Jamus da Japan ba, an riga su da shekara ɗari, ga man da suke shigowa da shi, ga biranensu sun turnuƙe. Wan Gang, injiniyan da ya yi aiki da Audi a Jamus, ya zama ministan kimiyya a 2007, kuma daga 2009 gwamnati ta fara zuba tallafi, ta fara da bas-bas da tasi. A Shanghai lambar mota gwanjonta ake yi da kuɗi mai yawa, a Beijing sai an yi ƙuri'a, amma mai sayen motar lantarki an sauƙaƙa masa. Zuwa ƙarshen 2017 duk bas-bas ɗin birnin Shenzhen, sama da 16,000, sun koma lantarki. Kamfanin BYD na China, wanda ya fara a 1995 da ƙera batirin waya, ya daina yin motar fetur zalla a Maris ɗin 2022. Kamfanin CATL, shi ma na China, wanda aka kafa a 2011, shi ne yanzu kan gaba a duniya wajen batirin mota. Daga 2010 zuwa yau kuɗin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji sama da miliyan 17 a duniya, fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma fiye da rabinsu a China.

Norway ma abin kallo ce. Da arzikin mai da iskar gas take taƙama, amma ta yafe wa motar lantarki haraji ta lafta wa ta fetur, har a 2024 kusan tara cikin goma na sabbin motocinta lantarki ne zalla. Man kuwa tana nan tana sayar wa wasu.

Tafiyar ba ta miƙe ba. Tarayyar Turai ta sa 2035 a matsayin wa'adin daina sayar da sabbin motoci masu hayaƙi, kamfanoninta suka yi ta matsa lamba a sassauta. Birtaniya ta ce 2030, ta ɗaga zuwa 2035, ta sake komowa 2030. Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarkin China a 2024, sannan gwamnatin Trump ta soke rangwamen dala 7,500 da ake yi wa masu saye a ƙarshen Satumbar 2025. Rigimar yanzu ta kasuwa ce da ayyukan yi fiye da ta hayaƙi.

Afirka ta shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ma'adinai: kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, ma'adinin da ake sakawa a batir, daga Kwango ake tono shi, wani ɓangare a ramukan da ake haƙa da hannu har da yara, kuma a jihar Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a 2024. Ta biyu tsadar mai. Habasha, mai wutar madatsun ruwa amma marar dalar sayen fetur, ta haramta shigo da motocin fetur da dizal na hawa a 2024, ta riga kowa a duniya. A Najeriya an haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, an kafa tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna da mayar da ƙananan bas zuwa lantarki. Cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 ya sa masu babur da Adaidaita Sahu suka fara lissafi, ko da yake wutar da za a yi cajin ita ce ba ta zama.

Mu dai abin da Turai da Amurka suka hau suka gaji shi ke isowa gare mu ta Kwatano da Legas, bayan shekara goma ko sha biyar. Mai sayen tokumbo ya saba ya zo da bakanikensa a buɗe bonet, a saurari inji, a zaro ma'aunin baƙin mai, a leƙa salansa ko tana hayaƙi. Motar lantarkin da ke tafe ba ta da fulogi, ba lagireto irin wanda ya sani, ba juyen mai. Tambayar da zai yi wa dillali ita ce wadda ake yi wa mai sayar da waya ta hannu a Farm Centre ta Kano: batirin nan yana riƙe caji kuwa?