Ƙarfe a ƙashin ƙwauri ba ya kashe ɓargo

An daɗe ana cewa idan aka zura ƙarfe cikin ƙashin ƙwaurin da ya karye ɓargo zai mutu, jini ya ƙafe, ƙafa ta shanye. Wannan tsoron ne ke sa a sace majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori.

Ɓargon tsakiyar ƙwaurin baligi kusan duk kitse ne. Jini a ƙashin ƙugu, gadon baya da haƙarƙari ake sarrafa shi. Ƙananan jijiyoyin jinin da aka taɓa kuwa suna sake tofowa cikin makonni.

Likita kan yi ɗan yanka a wajen gwiwa, ya zura siririyar waya ta ratsa karayar, ya faɗaɗa ramin ɓargon, sannan ya shigar da sandar titaniyam ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, mai kaurin milimita 8 zuwa 12. Sai ya ɗaure ta da kusoshi sama da ƙasa don kada ƙashi ya murɗe ko ya gajarce. Tun wajen 1940 likitan tiyata Gerhard Küntscher ya yaɗa dabarar a Jamus.

Sandar riƙo kawai take yi, ƙashi da kansa yake haɗewa, yawanci cikin wata 4 zuwa 6. Idan ya ƙi haɗewa, nauyi ya daɗe a kan ƙarfe, kusoshin kan karye. Shan taba da ƙwayoyin cuta a buɗaɗɗen rauni ne kan gaba wajen jawo haka. Abin da aka fi kuka da shi bayan aikin ciwon gaban gwiwa ne, musamman lokacin durƙuso ko sujada.