Aikin Tuƙin Jirgin Sama a Nijar

Matuƙin jirgin fasinja shi ne wanda ke da lasisin ɗaukar mutane da kaya a jirgin sama a biya shi. Ƙa'idojin aikin kusan ɗaya ne a duniya, domin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ce ke shimfiɗa su, a Nijar kuwa ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, ce ke lura da su.

Lasisin hawa uku ne. Na farko, PPL, ana iya samunsa daga shekara 17 bayan tashi na awa 40 zuwa 45, amma ba a cin abinci da shi. Na biyu, CPL, yana buƙatar shekara 18 da kimanin awa 200, kuma da shi ake fara karɓar albashi. Na uku, ATPL, wanda ke kai mutum kujerar kyaftin a babban jirgi, sai an kai shekara 21 da awa 1,500. Tsakanin awa 200 da 1,500 ɗin nan ne da yawa ke maƙalewa: ga takarda a hannu, ga kamfanoni na neman wanda ya riga ya tara awoyi. Kowane babban jirgi kuma yana da horonsa na daban, da kuɗinsa na daban.

Yara da yawa a Yamai, da iyayensu ma, suna ɗauka makarantar EAMAC da ke birnin, ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, ce ke yaye matuƙa. Ba haka ba ne. Ita tana horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masana yanayi, da masu kula da na'urori. Aiki ne mai kyau, amma ba tuƙi ba ne. Mai son tuƙi yakan fita waje: kwalejin horon jiragen sama ta Zariya a Najeriya da aka kafa a 1964, makarantar kamfanin Ethiopian a Addis Ababa, ko Afirka ta Kudu da Faransa. Kuɗin miliyoyin sefa ne masu yawa. Ɗaya hanyar ita ce sojan sama. Ta nan Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar sojan Nijar a 2015.

Kafin a sayar da gona ko garke don biyan makaranta, gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya ya kamata a fara yi. Ana duba zuciya, ji, gani da rarrabe launi. Tabarau ba ya hana mutum aikin, amma kasa bambanta ja da kore na iya rufe ƙofar. Sai Turanci: wanda ya yi lakol da Faransanci dole ya ci mataki na 4 a ma'aunin iya Turanci na ICAO don zirga-zirgar ƙasa da ƙasa.

Kasuwar aikin a gida ƙarama ce. Tun da Air Afrique ta durƙushe a 2002, akasarin manyan jiragen da ke sauka a filin Diori Hamani na kamfanonin waje ne, don haka mai wannan sana'a ya sa a ransa zaman Lome ko Abijan, da Sallah ba a gida ba.

Sararin Sahel ma yana da halinsa. A Afrilu da Mayu, zafin Yamai kan wuce digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, wani lokaci har a rage kaya. Da hunturu kuwa hazo kan rufe Tawa da Agadas, matuƙi ya zuba wa na'urorinsa ido har ya kusa taɓa ƙasa kafin ya hango titin sauka.